Godot a hannun malamin lissafi da ya haura arba'in

Duk wanda yake da tsohuwar laftof da datar da ba ta taka kara ta karya ba, kuma yana sha'awar koyon haɗa wasan kwamfuta, manhajar haɗa wasa mai suna Godot zan nuna masa. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Zariya, ban karanta ilimin kwamfuta a jami'a ba, kuma furfura ta fara leƙowa. Da wannan manhaja muke gina wasan dara na waya, ni da ɗan ƙanwata mai shekara 15.

'Yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, su suka ƙirƙiro ta, suka sake ta ga kowa a 2014 a ƙarƙashin lasisin MIT, wanda ya ba kowa damar amfani da ita kyauta. Ko ka sayar da wasanka ka kwashi miliyoyi, ba wanda zai biyo ka bashin sisin kwabo. Mutane sun ƙara ganin darajar hakan a Satumban 2023, da kamfanin Unity, mai wata manhajar haɗa wasa, ya ce zai riƙa cajin masu haɗa wasanni a kan yawan saukewar da aka yi wa wasansu. Ya janye maganar bayan shekara guda, amma kafin nan wasu sun riga sun tattara nasu ya nasu. Masu wasan Slay the Spire ma da Godot suka koma yin kashi na biyu.

Abin da ya fara saye ni shi ne rashin nauyi. Fayil ɗaya za ka sauke, ka buɗe, shi ke nan. Babu rajista, babu imel, ba ya neman intanet kafin ya tashi. Laftof ɗina HP ce mai RAM 4GB, batirinta kuma sai addu'a idan an ɗauke wuta. Da na zaɓi tsarin Compatibility, wanda aka yi don na'urori marasa ƙarfi, wajen buɗe sabon aiki, ba ta ko yi nishi ba. Akwai kuma na wayar Android, wanda yaron ke dannawa a gida, ko da yake rubutu a ƙaramin allo azaba ce.

Dara tamu rami 30 ce, biyar sau shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. A Godot komai ƙananan gaɓoɓi ne da ake jerawa wani a ƙarƙashin wani: allo gaɓa, kowane ɗan dara gaɓa, ƙarar da ke fita idan an yi ci ita ma gaɓa. Yaren da ake rubuta umarni da shi, GDScript, ya yi kama da yaren kwamfuta na Python sosai. Inda muka daɗe shi ne dokar jeri. Uku a jere ci ne, huɗu ba ci ba ne, kuma lokacin zuba 'ya'ya ba a yarda ka jera uku ba. Yaron ya fi ni saurin hannu nesa ba kusa ba, amma a nan ya cije. Na ɗauki takarda na zana ramukan, na ba kowanne lambar layi da ta ginshiƙi, na ce mu ƙirga hagu da dama daga inda ɗan ya sauka, mu haɗa, mu ga ko jimillar uku ce cif.

"Kawu, ashe wannan lissafin naku yana da rana," in ji shi.

Rubutun Hausa ma bai ba mu wahala ba. Mun sa Noto Sans, ƙ da ɗ da ɓ suka fito sumul. Tun fitowar Godot 4 a Maris 2023 yana iya rubutu daga dama zuwa hagu, don haka mai son ajami yana da hanya. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa za su iya mayar da fuskar manhajar Faransanci.

Tambayar da abokan aiki suka fi yi mini a ofis ita ce, da girmana me ya kai ni? Suna ɗauka sana'ar yara ce, ko ta masu digirin kwamfuta. Gaskiya ne John Carmack yana da shekara 23 aka saki Doom, wasan da suka haɗa, a 1993, amma ai jami'a ya bari bai gama ba. Toby Fox ta hanyar kiɗa ya shigo, ya yi wasan Undertale a 2015 da manhajar GameMaker. Eric Barone ya yi digirin kwamfutar, ya nemi aiki bai samu ba, ya koma nuna wa mutane kujera a wani gidan kallo a Seattle, yana haɗa wasan Stardew Valley shi kaɗai fiye da shekara huɗu kafin ya fito a 2016. Wadda ta fi burge ni ita ce Masako Wakamiya ta Japan, tsohuwar ma'aikaciyar banki, da ta fitar da wasan Hinadan a 2017 tana da shekara 81, saboda ta ga ba a yi wa tsofaffi wasan da ya dace da su. Babu ɗayansu da ya yi aiki da Godot. Abin da ya haɗa su shi ne sun gama wani abu da mutane za su iya bugawa, kuma a nan Godot ya yi fice: yana kai mai koyo ga gamawa kafin zuciyarsa ta karaya.

Sai dai a rarrabe tsakanin koyo da neman aiki. Manyan kamfanoni yaren C++ da manhajar Unreal suke nema, masu wasannin waya kuma yaren C# da Unity. Ko horon GameUp Africa da Maliyo Games na Legas ke bayarwa, a kan Unity aka gina shi. Ni da ba takardar neman aiki zan rubuta ba, wannan bai dame ni ba. Yaron kuwa na gaya masa, idan mun gama dara ya koma kan C#, tunda akwai nau'in Godot da ke karɓarsa.

Wani tarkon shi ne bidiyoyin koyarwa. YouTube cike yake da na Godot 3, alhali an sauya sunaye da yawa a na 4. Abin da ake kira KinematicBody2D ya koma CharacterBody2D, sai ka kwafi komai daidai ka ga jan rubutu ya cika ƙasan allo. A duba shekarar bidiyo kafin a ƙona data. Fitar da wasa zuwa Android ma a nan sauƙin yake ƙarewa, don sai ka sauke Java da kayan Android SDK da wasu fayiloli na ɗaruruwan megabait. A nemi wayfai ko datar dare. Zuwa na'urorin wasa na PlayStation da Switch kuma ba ya fitarwa kai tsaye, sai ta hannun wasu kamfanoni irin W4 Games.

Play Store na karɓar dala 25 sau ɗaya, sannan sabon asusu sai ya samu mutum 12 sun gwada wasan na kwana 14. Ba mu kai nan ba tukuna. Ta Xender muke tura wa mutane, kuma malamin Hausa na makarantarmu ya riga ya kawo ƙara cewa a garinsu ba a cin ɗan da ke cikin jerin uku, don haka yanzu muna ƙara maɓallin zaɓen doka.