Wata tara kayana suna ajiye a tsohuwar masana'anta da aka mayar sito

Jiya na kwashe sauran kayana na mayar wa masu siton katin shiga get, to tun abin bai huce a raina ba bari in faɗi yadda muka kwashe da wurin nan don na san akwai masu shirin kai kaya irin wannan ajiya.

Asalin wurin masana'anta ce da ta durƙushe, ginin ya daɗe a garƙame, sai wasu suka saya suka yayyanka cikinsa da bangon ƙarfe ɗaki ɗaki, kowane da ƙofarsa mai naɗewa sama irin ta shago, kai dai ka biya haya wata wata ka saka kwaɗonka ka tafi da makullinka. Ni mai ƙafa 10 a 10 na kama saboda aiki ya ɗauke ni kuma gidan da za mu koma ba a gama shi ba. Kujeru, gado, katifa biyu, firij, keken ɗinkin maiɗakina da kwalaye sha huɗu, shida a ciki littattafai ne zalla.

Ranar da muka kai kaya gaskiya wurin ya burge ni. Gini ne da tun farko an yi shi don kaya masu nauyi, akwai dakalin lodi daidai tsayin bayan babbar mota, mota tana ja da baya kawai sai turo kaya babu ɗagawa babu saukewa, ga hanyoyi masu faɗi ga amalanke kyauta, ga tsohuwar liftar kaya da suka gyara wadda gado ke shiga a miƙe ba sai an kwance shi ba. Rufin kuwa tsayinsa ya isa har sun ƙara bene na ƙarfe a ciki sun yi wasu ɗakunan a sama. Tsaro ma ba ni da ta cewa, kyamara a kowane lungu, kuma wata tara ko allura ban rasa ba. Abu ɗaya da ya ɗan ba ni haushi tun a ranar shi ne wani ƙaton ginshiƙi da na tarar a kusurwar ɗakina ya cinye min wuri, a takarda 10 a 10 ne amma a zahiri bai kai ba, don haka ka je ka ga ainihin ɗakin da idonka kafin ka sa hannu.

Na kuma lura bangon bai kai rufi ba, raga ce a saman. Da na tambaya manajan ya nuna min kawunan yayyafin kashe gobara da ke rataye a sama, ya ce akwai ɗan kwalba ja a jikin kowane da ke fashewa in zafi ya kai digiri 68, dole ruwan ya samu hanyar shiga kowane ɗaki, shi ya sa ba a yarda ka jibga kaya har sama ba sai ka bar tazarar inci 18. Fetur, tukunyar gas, fenti da kayan ci duk an hana ajiyewa. Wannan na yaba musu sosai.

To inda gizo ke saƙar a ƙasa yake.

Wata na huɗu na zo ɗaukar wasu takardu, ina ɗaga ƙofa wani wari ya buge ni irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Na sunkuya na ɗaga kwalin farko sai gindinsa ya zauna a ƙasa littattafan suka zubo a kan ƙafata, sun kumbura, shafuka sun manne da juna, gefensu duk ɗigo ɗigon baƙi. A cikinsu har da littafin da marigayi mahaifina yake rubuta lissafinsa da hannunsa, tawadar ta narke ta bi takarda, shafi kusan ashirin ba a iya karanta komai. Wallahi na daɗe a tsugune a wurin. Ƙafafun kujeru sun yi farar fumfuna, keken ɗinki tsatsa ta fara cin ƙarfensa, alhali babu yoyo ko ɗigo ɗaya daga sama, simintin ma in ka kalle shi a bushe yake ƙarau.

Wani abokina mai harkar gini ne ya warware min. Ya ce da yawa daga tsofaffin gine ginen nan an zuba daɓensu ne ba tare da shimfiɗa leda a ƙarƙashi ba, shi kuma siminti yana jan laima daga ƙasa a hankali a hankali. Lokacin da masana'anta ke aiki ba wanda zai lura, ƙofofi a wangale, injina suna ba da zafi, iska tana kai kawo. Yanzu da aka yanka wurin ƙananan ɗakuna aka rurrufe, iskar ta tsaya cak, laimar ba ta da wurin zuwa sai jikin kwali da katako da katifa. Ya ce in manna leda a ƙasa da salatif ta kowane gefe in bar ta ta kwana. Washegari na ɗaga, ƙarƙashinta raɓa ce kwance, wurin ya yi duhu. Na sayi ɗan agogon auna danshi na ajiye, ya haura 70 cikin 100, ita kuwa fumfuna da zarar danshi ya zarce 60 ya daɗe a haka to ta samu wurin zama.

Na samu manaja da kwalin a hannuna. Ya ce Malam ka yi haƙuri, amma ka duba takardar da ka sa wa hannu, mu wuri muke ba da haya, kaya suna wuyan mai su. Na ce ranka ya daɗe na ji, amma ku da kuka san halin ƙasan nan me ya hana ku ce min kar in ajiye kwali a kan siminti? Shiru ya yi. Kuma abin da ya fi ƙona min rai kenan, magana ce ta minti ɗaya, sun zauna sun yi min bayanin gobara tiryan tiryan amma danshi ko a baki. Inshorar da suka tallata min ma da na koma na karanta, fumfuna ba ta ciki.

In ba su haƙƙinsu, ba su yi min gardama ba, a ranar suka mayar da ni ɗakin sama ba ƙarin kuɗi, yaransu suka taya ni ɗauka, suka ba ni katakon ɗora kaya guda huɗu. Sama ba laima amma akwai zafi don kana kusa da kwano, da rana in ka shiga sai gumi. Katifun kuma har yau in ka kai hanci kana jin ɗan warin baƙin mai, wanda na tabbata daga tsohon daɓen nan ne da ya shekara da shekaru yana shan man injina, fenti kawai suka shafa a kai.

Duk mai niyyar kama ɗaki a irin wannan gini ya tambaye su me ake ƙerawa a wurin da, an canja rufi ko faci aka yi, in akwai asbestos, wato kayan ginin nan na da mai cutarwa in an shaƙi ƙurarsa, a tsohon rufin ko jikin bututu an cire ko an rufe shi, sannan akwai na'urar tsotse danshi ko fanka ce kawai. Ka ɗora komai a kan katako, ka bar 'yar tazara tsakanin kaya da bango, takardu kuma robobi masu murfi za ka zuba su kar ka yarda da kwali, sannan ka riƙa leƙawa ko sau ɗaya a wata, ni wata huɗu na yi ban taka ba.

In buƙata ta sake tasowa zan iya komawa da kujeru da gado, a ɗakin sama. Littattafai da takardu kam ba za su ƙara kwana a can ba. Na mahaifina yana nan na sa farar takarda tsakanin shafukan, ina bi ɗaya bayan ɗaya ina kwafe abin da ya rage.