Keken guragu na garejin Baba: ƙarfe ya yi, fenti bai yi ba

Duk mai neman keken guragu a Kano, shawarata ya bar na rabon 'yan siyasa ya je wurin masu ƙerawa. Nawa a wani garejin walda da ke wajen Kurna aka haɗa shi, kuma daga maigidan har yaransa duk shan inna ce ta taɓa su, kamar ni. Abin da suke sayarwa shi suke hawa su koma gida, shi ya sa ba sa yi masa aikin ganin ido.

Baba, kamar yadda kowa ke kiran maigidan, ba ya fara maganar kuɗi. Zaunar da kai yake yi a benci, ya ɗauko tef ya auna daga kafaɗa zuwa tafin hannu, sannan tambayoyi su biyo baya. "Ɗana, wane hannun ne ya fi ƙarfi?" Na ce na dama, Baba. "Layinku kwalta ne ko yashi? Kana ɗaukar kaya?" Da na ce ina sayar da kati da cajar waya a Farm Centre, sai ya sa alli ya zana akwati a bayan kujera, mai wurin kwaɗo. Fedar hannun ma ya sauke ta ƙasa kaɗan don kada kafaɗata ta riƙa ciwo da yamma. Keken asibitin da aka taɓa ba ni a wajen wani taro, an ɗauki hoto an tafa, sai da mai turawa yake tafiya, kuma da ƙaramar tayarsa ta ɓalle babu mai irinta a kasuwa. Wannan kuwa bututun ƙarfensa daga Ƙofar Ruwa yake, sarƙa da taya da boris duk na keken hawa ne da kowa ya sani. Ko ina ya yi faci, mai facin bakin titi zai gyara.

A kan hanya bai ba ni kunya ba. Birki yana kamawa ko da ruwa, waldar ba ta tsage ba duk da ramukan layinmu. Yana da nauyi, wannan gaskiya ne, sa shi a A Daidaita Sahu sai da mutum biyu. Fentin kuwa abin haushi ne, damina ɗaya ya fara ɓarewa, tsatsa ta fito a gindin kujera. Soson kujerar ma siriri ne, na canja shi da kuɗina. Kuma idan suka ce maka sati biyu, ka sa wata guda a ranka, rabin laifin na wuta ne, rabi nasu. In za ka ba da aiki, ka ce a yi fenti shafi biyu ko da za ka ƙara wani abu.

Yawancin yaran garejin 'yan shekara ashirin da ɗoriya ne. Su ne waɗanda cutar ta kama a lokacin da aka dakatar da rigakafi a Kano daga 2003 zuwa 2004. A watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali, aka yi murna, mu ma mun yi. Amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, kuma a garejin nan ana koya musu sana'a maimakon a miƙa musu ƙoƙon bara a danja.

Inda keken ya gaza ba laifin Baba ba ne. Zai kai ka ƙofar banki, ƙofar asibiti, ƙofar masallaci, sai matakala ta tsayar da kai. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci. Ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi gangaren shiga, ta kuma ware mana kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Wa'adin ya cika tun 2024. Ni dai a bankin da nake ajiya har yau ɗaga ni masu gadi suke yi, da "sannu, sannu" da kyakkyawar niyya, mutane na kallo. A garin Malam Aminu Kano ke nan fa. Ba na son a ɗauke ni, ina son in shiga.

Mai kemis ɗin layinmu bai jira gwamnati ba. Ya gaji da miƙo mini magani ta saman kwata, ya sayi buhun siminti ɗaya ya kira birkila. Gangaren farko ya yi tsayuwa da yawa, ina hawa sai keken ya dawo da baya. Wani yaron Baba ya zo ya nuna wa birkilan cewa tsawo ake ƙarawa, ya kuma yi wa gefen walda ya sa abin riƙewa, kuɗin ƙarfe kawai ya karɓa. Yanzu tsofaffi da masu goyo ma ta nan suke bi. Kwamitin masallacinmu sun zo sun auna, sun ce sai bayan Sallah.