Gudan jini bayan an sa raga a jijiyar wuya: allura ko ciro shi?

Hajiya, kin ce an sa wa Baba ragar ƙarfe, wadda ke riƙe jijiya a buɗe don jini ya wuce, a jijiyar wuya a ƙasar waje, ya dawo Damagaram, kina tambaya idan jini ya daskare a ragar, wanne ya fi: allurar narkar da gudan, ko ciro shi ta bututu. Allah ya ƙara masa lafiya. Abin ba ya yawan faruwa, amma in ya zo, yakan zo ne a kwanakin farko.

Allurar, wato alteplase, ta jijiyar hannu ake yin ta, cikin awa 4 da rabi daga fara alamun shanyewar ɓarin jiki. Ba ta buƙatar ɗakin aiki na musamman, sai dai dole a ɗauki hoton kai da sikana tukuna, don idan zubar jini ce a ƙwaƙwalwa, allurar na iya kisa. Ga kuma Baba yana kan magungunan tsinka jini, haɗarin zubar ya ƙaru ke nan. Babban guda a babbar jijiya ma sau da yawa ba ya narkewa duka.

Shi kuwa cirowa, ta matsematsi ake zura siririn bututu har wuya a zuƙo gudan, in ragar ba ta buɗe sosai ba a faɗaɗa ta a nan take. Ana yin sa cikin awa 6, wasu marasa lafiya har awa 24 idan hoto ya nuna akwai sauran ƙwaƙwalwar da za a ceta. A gudan da ya toshe raga, ni wannan na fi amincewa da shi. Matsalarsa kayan aiki da ƙwararre, kuma Yamai kusan kilomita 900 ce daga nan. Wani lokaci likitoci kan haɗa da tirofiban, wani maganin hana jini daskarewa, ko su yi tiyata su cire ragar gaba ɗaya.

Abin da ya fi jawo toshewar shi ne barin magungunan tsinka jini, wato aspirin da Plavix, ko don sun ƙare, ko don azumi, ko za a cire haƙori. Kada ya tsallake ko kwana ɗaya sai likitansa ya ce. Idan kika ga baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe ko ido ɗaya ya dushe, ki duba agogo ki riƙe lokacin da abin ya fara, ki ɗauki takardun aikin, ku nufi babban asibitin Damagaram. Kada a ba shi ƙarin ƙwaya a gida kafin hoton.