Tukunyar nukiliya ko sharar yuraniyum?

Ɗan Damagaram mai son koyar da ilmin nukiliya a jami'a, hanya biyu ce gabansa: ƙera tukunyar nukiliya, ko kula da sharar da haƙar yuraniyum ke bari.

Ƙera tukunyar nukiliya, wato na'urar da ke fitar da makamashi daga yuraniyum, ya fi suna, amma Nijar ba ta da ko ɗaya. Akwai wata ƙarama ta bincike a Zariya tun 2004. Bayan ita, sai zaman waje.

Ni dai sharar na zaɓa, ko da sunanta ba daɗi. An rufe mahaƙar yuraniyum ta kamfanin Kominak da ke Akokan, kusa da Arlit, a 2021, ta bar tsibin tarkace na miliyoyin tan. Iskar radon, mai cutar da huhu, na fita daga ciki, hunturu na kwasar ƙura, rijiyoyi na jiran mai aunawa. Wanda ya iya lulluɓe tsibin da yumɓu, aikinsa na nan jihar Agadas.