Georgia Aquarium na Atlanta: tanki ɗaya ne ke biyan kuɗin tikitin

Georgia Aquarium, gidan halittun ruwa da ke tsakiyar birnin Atlanta a Amurka, wuri ne da ya cancanci kuɗinsa, amma da sharaɗi biyu: a je da wuri, kuma a samu wuri a zauna. Mafi yawan masu zuwa suna shiga da rana tsaka, su bi ayari, su ɗauki hotuna masu duhu, su fito a gajiye suna cewa ba abin da suka gani sai ƙeyar mutane. Rabin laifin na cunkoso ne, rabi kuma na rashin sanin yadda ake kallon ruwa.

An buɗe gidan a watan Nuwamba na 2005, da gudummawar dala miliyan 250 daga Bernie Marcus, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Home Depot, a kan filin da kamfanin Coca-Cola ya bayar kusa da dandalin Centennial Olympic Park. Har zuwa 2012 babu wanda ya kai shi girma a duniya, kafin na Singafo da na Sin su sha gabansa. Ruwan da ke cikinsa ya haura lita miliyan 40, alhali tsakanin Atlanta da bakin teku akwai kusan kilomita 400. Ruwan famfon gari ne ake tacewa, a cire masa sinadarin kulorin, a dama shi da gishirin teku na masana'anta har ya yi kusa da gishirin ruwan teku na asali, wanda ke da kamar giram 35 a kowace lita.

Zuciyar gidan ita ce ɓangaren da ake kira Ocean Voyager. Tanki ne guda mai ɗaukar lita kusan miliyan 24, tsawonsa mita 87, faɗinsa 38, zurfinsa daga mita 6 zuwa 9. Ana fara ganinsa ta wani rami mai tsawon mita 30 da ya ratsa ƙarƙashin ruwan, gefe ɗaya na da dandamali mai tafiya da kansa, ɗaya gefen kuma a kan ƙafa ake bi. A bi ta ƙafa. Dandamalin ba ya jiran kifi, kuma babban kifi yakan ɗauki mintuna kafin ya kammala zagaye ya dawo. Wani abu da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne lanƙwasar bangon ramin tana rage girman abin da ido ke gani, saboda haka duk wanda ya yanke hukunci daga nan ya yi gaggawa.

A ƙarshen hanya ne babbar tagar take, tsayinta mita 7, faɗinta kusan 19, kaurinta kamar santimita 60. Ba gilashi ba ce, akirilik ce, wata roba mai ƙarfi da haske ke ratsawa tas. Da gilashi ne mai wannan kauri, da komai ya koma kore-kore, ga nauyin da ya ninka. Kaurin kuwa dole ne, domin a zurfin mita 9 ruwa na danna kowace murabba'in mita da nauyin kusan tan 9. Aibin akirilik shi ne saurin karcewa: zobe, maɓalli ko bakin kyamara na iya bar masa tabo, shi ya sa ma'aikata ba sa son a jingina masa ƙarfe. Ƙwanƙwasa shi da hannu ya fi wannan muni, domin sauti na gudu a ruwa ninki huɗu da ɗoriya na yadda yake gudu a iska, kuma kifi da jikinsa yake jin girgizar.

Akwai matakalai masu faɗi a gaban tagar. A hau na uku ko na huɗu a zauna, a ajiye waya, a ba ido minti biyar ya saba da duhun. Daga nan ne abubuwa ke fara rarrabuwa. Can sama garken ƙananan kifaye ke juyawa tare kamar mutum ɗaya, a ƙasa kifi mai baki kamar zarto yana kwance kan yashi, sai manta, faffaɗan kifin nan mai kaɗa fikafikai kamar tsuntsu, ta wuce tana tuntsurawa cikin kumfar da ke tasowa. Sai kuma wuri ya ɗan yi duhu, wel-shak ya shigo daga gefe. Shi ne kifi mafi girma a duniya, a teku yana iya haura mita 12. Bayansa toka-toka ne mai ɗigo-ɗigon fari, kuma zanen kowane ɗaya daban yake, da shi masana ke gane su. Idan ya matso kusa, a lura da ƙanƙantar idonsa a gefen faffaɗan kai, da tsagu biyar na numfashi da ke buɗewa suna rufewa a hankali, da ƙananan kifayen da ke tafe a gaban bakinsa babu tsoro. Minti ashirin a nan shi ne mafi ƙarancin abin da ya dace.

Rashin tsoron nan yana da dalili. Duk girman bakin wel-shak, maƙogwaronsa bai wuce faɗin tsabar kuɗi ba, abincinsa ƙananan jatan lande ne da ake kira kiril da makamantansu, yana zuƙo ruwa ya tace. Ba a watsa masa abinci a tanki, don sauran kifaye za su riga shi. Ma'aikaci ne ke shiga ƙaramin kwalekwale a saman ruwa, ya riƙa zubawa da ludayi mai dogon hannu, kifin na biye da shi, a haka ake sanin adadin da ya ci. Daga isa, abu na farko da za a tambaya shi ne lokacin ciyarwa na ranar.

Daga Taiwan aka kawo wel-shak ɗin gidan ta jirgin sama, cikin waɗanda aka ware wa masunta su kama don ci, kafin ƙasar ta haramta kamun su a 2008. Biyun farko sun mutu a 2007, wasu kuma sun bi baya a shekarun da suka wuce, saboda haka yawansu ya ragu sosai. Wanda zai yi doguwar tafiya don su kaɗai, ya fara duba shafin gidan.

Ingancin gida irin wannan a ruwansa ake gane shi, kuma a nan ruwan garau yake, ana hango can ƙuryar tanki. Kashin kifi da numfashinsa na fitar da amoniya, wadda kaɗan daga cikinta ke kisa. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne ke mayar da ita naitirait, sannan naitiret mai sauƙin illa. Ban da su akwai matatun yashi masu kama datti, da dogayen tulunan da ke tayar da kumfa ta kwashe maiƙo, da iskar ozon mai kashe ƙwayoyin cuta. Cikin kamar awa ɗaya ruwan babban tankin ke bi ta waɗannan injina ya dawo. Akwai zagayen bayan fage da ake biya daban, inda ake kallon tankin daga sama. Ga mai son sanin yadda abu ke aiki, wannan ya fi duk wani ƙarin da ake sayarwa a gidan amfani.

Batun hoto gajere ne. A kashe filasha, don hasken dawowa yake ya zama farin tabo. A kusantar da waya da bangon ba tare da ta taɓa shi ba, a saita ta kai tsaye, domin ɗauka daga gefe na karkatar da siffa. Tufafi masu duhu na rage inuwar mai ɗauka. Shuɗin da ke rufe hoton kuwa ba laifin waya ba ne, ruwa ne ke fara shanye jan haske tun a 'yan mitocin farko.

Na biyu a daraja shi ne ɓangaren Tropical Diver, inda aka gina tudun murjani a tanki mai lita kusan 620,000, da igiyar ruwa da ke fashewa a saman kan masu kallo lokaci-lokaci. Igiyar ba ado ba ce. Murjani dabba ce da ba ta motsawa daga inda take, ruwa ne ke kawo mata abinci ya tafi da dattinta, kuma a jikinta akwai ƙananan tsirrai da ke ciyar da ita daga haske. Idan zafin ruwa ya haura na ƙa'ida da digiri ɗaya kacal na tsawon makonni, sai ta kore su, ta yi fari fat, in abin ya daɗe ta mutu. Raya murjani a cikin gini ya fi raya shak, kifin teku mai farauta, wuya nesa ba kusa ba, kuma abin takaici ne yadda mutane ke wuce shi cikin minti biyu.

A ɓangaren sanyi, Cold Water Quest, akwai ota ta teku, ƙaramar dabbar ruwa mai shayarwa wadda ba ta da kitsen da zai kare ta daga sanyi sai gashi mai kauri, shi ya sa take yini tana gyaran jiki tana cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta kullum. Akwai tsuntsayen fengwin na gaɓar Afirka ta Kudu da Namibiya, da ƙananan ramuka da yara ke rarrafawa su leƙo a tsakiyarsu. Sai beluga, farar dabbar ruwan ƙanƙara mai iya juya wuya ta dubi mutum ido cikin ido. A nan ne zuciya ke rabuwa biyu. Dabba ce mai shayarwa, mai wayo, mai dogon zango a teku, kuma tankinta, duk kyansa, ƙarami ne a gare ta. A 2012 gidan ya nemi izinin shigo da beluga 18 da aka kama a ruwan Rasha, hukumar Amurka ta hana a 2013, kotu ta tabbatar da hanin a 2015, daga baya gidan ya sanar da cewa ya daina ɗauko irin waɗannan dabbobi daga teku. Ya kamata mai ziyara ya san wannan kafin ya tsaya gaban tagar.

Ɓangaren shak da aka buɗe a 2020 yana da kyau, da duhunsa da manyan tagoginsa. Wasan dolfin kuwa kiɗa da fitilu sun fi ilimi yawa, kuma kujerun gaba jiƙewa ake yi.

Babban rauni na gidan shi ne zauren tsakiya. Duk ɓangarori daga nan suke tashi, nan suke dawowa, ga wurin cin abinci a gefe, saboda haka daga hantsi zuwa la'asar hayaniyarsa kamar kasuwa, musamman Asabar da Lahadi da lokacin hutun makarantu. Tikiti na da tsada, farashinsa na sauyawa gwargwadon rana, kuma da lokacin shiga a jikinsa. A saya ta intanet tun kafin ranar, a zaɓi sa'ar buɗewa a tsakiyar mako. Da shiga a wuce kai tsaye zuwa Ocean Voyager kafin motocin 'yan makaranta su iso, sannan murjani, sannan ɓangaren sanyi. Awa uku zuwa huɗu sun isa. Masu ƙananan yara su sa musu riga mai launi mai haske don duhun hanyoyin, su kuma nuna musu wuri ɗaya da za a haɗu in an rabu. Wanda ya samu hali ya sake komawa gaban babbar tagar a awa ta ƙarshe kafin a rufe, lokacin matakalan sun yi sarari.