Intanet na yankewa, allo na ɗaukewa: wuta ce ko kwamfutar ce?

Wani ɗan'uwa mai shagon buga takardu a Gusau ya kawo tambaya. Kwamfutarsa ta tebur tana tsakiyar aiki sai intanet ya yanke, wani lokacin kuma allo ya yi baƙi ya rubuta "No Signal", can ya dawo. Wani ya ce masa matsalar wuta ce, ya sayi UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, wani ya ce kwamfutar ce ta gaji, ya kai wa mai gyara. Yana so a auna masa biyun.

Malam, kafin ka fitar da ko sisi ka lura da abu ɗaya: tare suke ɗaukewa, ko kowanne da lokacinsa?

In tare ne, ni wuta nake zargi. Wutar da ta kamata ta iso soket volt 230 ce, amma a shago mai injin fotokwafi ko firintar leza, da zarar injin ya fara ɗumama yakan ja wuta da yawa lokaci guda, musamman a kan ƙaramin janareto. Ka sa ido a daidai lokacin: fanka ta rage gudu, ƙwan fitila ya dushe, fitilun rauta, wato na'urar da ke ba ka intanet, su mutu gaba ɗaya sannan su riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya. Allo yakan dawo cikin 'yan daƙiƙu, rauta kuwa sai ta ɗauki minti ɗaya ko biyu tana tashi, shi ya sa mutum ke ɗauka matsaloli biyu ne daban. In kwamfutar ita ma ta mutu ta tashi da kanta, buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta abin da ya faru da kwamfutar, za ka ga Kernel-Power mai lamba 41, shaidar cewa ba a kashe ta yadda ya kamata ba.

A nan UPS yana da amfani, kuma ya fi sitabilaiza, domin sitabilaiza daidaita ƙarfin wuta kawai take yi, ba ta da batirin da zai riƙe ka idan wutar ta ɗauke. Ka haɗa kwamfuta da allo da rauta a kansa, amma don Allah kada ka sa firintar leza, ta fi ƙarfinsa. In ka yi haka abin bai daina ba, to sai a duba akwatin wutar da ke cikin kwamfutar. Galibin na'urorin da ke hannunmu Beljiyam ne, sun sha ƙurar hunturu, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Fankar akwatin wutar in ta toshe, yana ɗaukar zafi zai fara gazawa.

In kuwa kowanne da lokacinsa, UPS ba zai yi maka maganin komai ba, kuma gyaran ya fi araha. Idan allo ya ɗauke, danna Caps Lock. Fitilarsa in tana kamawa tana mutuwa, kwamfutar na raye, laifin na wayar allo ne ko na direban hoto, wato manhajar da ke tura hoto zuwa allo. Danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, za ka ji ɗan ƙara, direban ya sake tashi. In bai dawo ba, ari wata waya ka gwada. VGA mai shuɗin kai tana da noti biyu da ake ɗaurewa, HDMI ba ta da su, yaron shago na ture tebur sai ta saki.

Na intanet kuma, buɗe Command Prompt, wato baƙin shafin da ake rubuta wa Windows umarni, guda biyu. A ɗaya rubuta ping 8.8.8.8 -t, umarnin da ke ta gwada ko kana isa intanet, a ɗayan ka yi wa adireshin rautarka haka, yawanci yana rubuce a ƙarƙashinta. In na farko kaɗai ke yankewa, matsalar daga waje take, sabis ne, sai ka matsar da rauta kusa da taga ko ka gwada wani layi. In duka biyun ne, tsakaninka da rauta ne: duba ɗan harshen roba na kan wayar intanet ko ya karye, sannan a Device Manager, inda Windows ke jera sassan kwamfuta, ka cire alamar da ke ba Windows damar kashe katin intanet don tattalin wuta.

A shago irin naka na fi karkata ga wuta. Gwajin kyauta ne: yini ɗaya ka mayar da fotokwafi kan wani layin wuta daban, ko ka bar shi a kashe, ka ga ko abin zai maimaitu. In ta kai ga mai gyara, kada ka yarda ya fara da fomatin. Sabon Windows ba ya gyara wuta ko waya, ga takardun mutane a ciki. Ka ce ya fara gwada wani akwatin wutar a gabanka.