Hutu a jirgin ruwa daga Jidda: garin ya fi jirgin burge ni

Mutanen Kaduna da yawa sun san Jidda, amma sanin shanu: filin jirgin Sarki Abdul'aziz, layin Albaik, shagunan tsaraba, sai mota zuwa Makka. Abin da ya zaunar da ni na kalli garin da idon basira shi ne hutun da muka yi a jirgin ruwan shaƙatawa a Bahar Maliya cikin hunturun da ya wuce, ni da uwargida da yara da Hajiyarmu. Mun bi hanyar Zariya zuwa Kano, daga can muka tashi zuwa Jidda, kuma da gangan muka isa kafin ranar tashin jirgin ruwan, domin shi ba ya jiran kowa.

Maganar biza zan fara yi, don nan ne ejan ɗinmu ya so ya kwafsa mana. Jirgin yana fita daga Saudiyya ya taɓa Masar da Jodan sannan ya dawo, ke nan bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi ba, kuma mai fasfo ɗin Najeriya sai ya tabbatar da matsayinsa a kowace tasha. Ejan ya ce ba komai, za a daidaita a can. Ban yarda ba, na sa ya rubuto mini amsar kamfanin jirgin, sai ga shi akwai takardun da ba mu haɗa ba. Duk mai niyyar zuwa ya nemi amsa a rubuce kafin ya biya ko sisi.

Tsohon garin Jidda, wanda suke kira Al-Balad, shi ne ribar tafiyar. Tun zamanin Halifa Usman bin Affan, wajen shekara ta 26 bayan Hijira, aka mayar da Jidda tashar ruwan Makka, kuma a 2014 UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya. Gidajen dogaye ne, hawa huɗu ko biyar, an gina su da dutsen murjani da aka ciro daga bakin teku, ga tagogin katako masu sassaƙa da ake kira rawashin, waɗanda ke shigar da iska su kuma kare matan gida daga idon masu wucewa. An rushe ganuwar garin a 1947, amma ana ganin Ƙofar Makka, inda a da alhazai ke fita su nufi Harami. Mun tsaya a gidan Nasif, wanda aka gama a 1881, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya karɓi Jidda a 1925. A ƙofar gidan akwai wata tsohuwar darbejiya, ana cewa an daɗe ita kaɗai ce bishiya a garin, har ake kwatancen gidan da ita. Yarana sun yi ta dariya, wai bishiyar da ke zubar mana da ganye a tsakar gida a Unguwar Rimi ita ce abin kallo a nan.

Da la'asar sakaliya ake shiga Al-Balad, da rana zafi da gumi ba za su bar mutum ya more ba, kuma shaguna da yawa sai yamma suke buɗewa. A kasuwar Alawi ba a raba ka da jin Hausa, daga masu sayar da turare har mata masu gyaɗa. Mun yi Magariba a masallacin Shafi'i, muka wuce bakin teku muka ga ruwan nan na Sarki Fahad da ke feshi sama har mita 312. Kyakkyawa ne da dare, amma minti goma ya isa.

Shi kansa jirgin, otal ne mai tafiya. Na yaba da tsabta da abinci: komai halal, ba giya, ba caca, akwai ɗakin salla, kuma akwai alamar alƙibla da ke sauyawa idan jirgin ya juya. Yara sun samu wurin wasa da masu kula da su, mu ma muka huta. Ɗakin da muka ɗauka na ciki ne marar taga, saboda ya fi araha, kuma ba zan ba wanda ke tare da tsoho shawarar haka ba. Hajiya ba ta gane dare ko rana a ciki, sai agogo. Jiri da tashin zuciya kuwa uwargida kaɗai ya kama, a daren da iska ta taso, maganin da muka saya tun a Kaduna ya taimaka.

Wata safiya na fito da Hajiya saman jirgin ta sha iska. Ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta ce, “Kai yanzu wannan ne Malam ya haye a kwale-kwale?” Mahaifinta take nufi, wanda ya tafi hajji a ƙasa ta Chadi da Sudan kamar dubban Hausawa na wancan zamani, suna tafe suna aikin gona don guzuri har su kai Sawakin, tashar ruwa a gaɓar Sudan, su tsallako Jidda. Na ce, “Shi ne, Hajiya.” Ta ce to a kawo mata shayi, ita dai ba ta ga gaɓa ba.

Inda kamfanin ya ɓata mini rai shi ne kuɗin da ba sa cikin tikiti. Intanet da tsada, kuma yana rarrafe. Lemo, wanki, hoto, kowanne da farashinsa, ga kuɗin hidima da ake ɗora wa kowane mutum kullum, ba ka gani sai ranar sauka. Da canjin naira a yau, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tsayawa a tashoshi ma gajeriya ce. A Aƙaba ta Jodan mun biya yawon Petra, wani tsohon birni na tarihi, tafiyar kusan awa biyu a mota, sannan a taka fiye da kilomita ɗaya cikin matsattsen kwazazzabo kafin a ga ginin da Nabatiyawa, wasu Larabawa na zamanin da, suka sassaƙa a jikin jan dutse. Wurin ya cancanci wuni guda, mu kuwa jagora na ta duba agogo yana kora mu. Hajiya ba ta je ba, kuma gara da ba ta je ba. A Sharm el-Sheikh ta Masar yara sun ga kifaye da murjani ta cikin kwale-kwale mai gindin gilashi, har yau maganarsa suke.

Ga mai iyali da ke son hutu marar hayaniya, jirgin ya yi, musamman tsakanin Disamba da Fabrairu. Wanda tarihi ne ya kai shi, ya rage kwanakin ruwa ya ƙara na Jidda. Ya ɗauki ɗaki mai taga, ya ware aƙalla kwana biyu don Al-Balad, ya kuma ajiye kuɗi daban saboda takardar da za a miƙo masa ranar sauka.